Yadda Za Ka Zaɓi Injin Niƙan Gahawa Don Haɗa Esfireso A Gida A Legas

Idan kuɗin da ka ware don haɗa esfireso (gahawa mai ƙarfi da inji ke tatsowa da matsi) a gida ba su taka kara sun karya ba, injin niƙa ya kamata ya fara cin rabonsa, injin dafawa ya biyo baya. Mutane da yawa juya lissafin suke yi. Mutum zai shiga kanti a Ikeja ko Lekki, ya ga inji mai ƙyalli da agogo a goshi, ya zube kuɗi, sannan ya sayo garin gahawa na leda, ko ya watsa 'ya'yan cikin bilendar uwargida. Ya kunna, ruwa ya zubo shaa, tsami ya kama masa harshe, ya ce an cuce shi. Alhali injin bai yi laifin komai ba, garin ne bai yi ba.

Tun 1961 da kamfanin Faema na Milan ya fito da injin E61 mai famfon lantarki, ma'aunin da aka saba da shi a esfireso shi ne a tura ruwan zafi da matsin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau tara, abin da ake kira 9 bar. Babu abin da ke tare wannan ruwa sai garin da ka danne a ɗan kwando, wajen giram 18. In garin ya yi tsaki-tsaki, ruwan zai wuce cikin sakan 10 bai ɗebo komai ba sai tsami. In ya yi laushi fiye da kima, ya toshe, inji na gurnani, abin da zai ɗigo sai ɗaci. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Don haka abu biyu ake nema wajen injin niƙa: ya fitar da gari mai kai ɗaya, kuma ya ba ka damar matsa laushin kaɗan-kaɗan. Sauran duk ado ne.

Mataki na farko: ciro kwandon injinka ka duba gindinsa

Kafin ka kashe ko sisi, cire ɗan kwandon ƙarfen da ake zuba gari daga mariƙinsa, ka kife shi. In ka ga ƙofa guda ɗaya tak a ƙasa, kwandon mai bango biyu ne. Shi ke riƙe matsin da kansa, ya ƙago kumfa, kuma yana yafe wa gari kurakurai da yawa. Yawancin ƙananan injinan gida da shi suke zuwa. Mai irin wannan kwando, in ba shi da niyyar canzawa, kowane injin niƙa mai haƙora na kirki zai ishe shi. In kuwa gindin cike yake da ɗaruruwan ƙananan huji, to kwandon gaske ke nan, kuma kai ake yi wa wannan bayani. Wanda kuma tukunyar moka ta Bialetti yake ɗorawa a kan gas, ita matsinta bai kai ko kusa ba, gari mai ɗan kauri take so, bai kamata ya wahalar da aljihunsa ba.

Mataki na biyu: fitar da duk mai wuƙa daga lissafi

Ƙaramin injin nan mai wuƙa da ke juyawa, wanda ake niƙa citta da kanumfari da shi, sara yake yi, ba niƙa ba. Wani ƙwayar ya zama ƙura, wani ya tsaya rabi, kuma ba ka da ikon maimaita na jiya yau. Abin da kake nema mai haƙora ne, wanda aikinsa irin na injin niƙan unguwa ne: faranti biyu masu zane suna fuskantar juna, mai inji ya ɗaure ko ya sassauta, laushin ya bi tazarar da ke tsakaninsu.

A cikin masu haƙoran ma akwai na ƙarya. 'Yan injinan hannu masu araha masu haƙoran tangaran, waɗanda suka cika shagunan intanet, sandarsu rawa take yi. Kama sandar tsakiya da yatsa ka girgiza. In ta motsa gefe da gefe, tazarar haƙoran za ta riƙa canzawa a kowane juyi, garin ba zai taɓa yin kai ɗaya ba. Nagari haƙoran ƙarfe gare shi, sandarsa kuma zaune take a kan boris biyu, sama da ƙasa, ba ta ko gezau.

Mataki na uku: na hannu ko na lantarki

Nan ne zaman Legas ya bambanta da zaman Landan ko Milan, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa kana tunani. Masu ba da shawara a bidiyo suna magana ne daga gidajen da ba a ɗauke wuta. Kai kuwa, ko kana Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ka san asubar da za ka tashi unguwa duhu, batirin inbata ya yi ƙasa, ga aiki na jira, ga cunkoson gadar Third Mainland a gaba.

Injin niƙa shi kaɗai ba ya cin wuta sosai. Yawancin na gida tsakanin wat 150 ne zuwa 350, kuma sakan kaɗan suke aiki. Mai haɗamar shi ne injin dafawa, wanda kan ja wat 1,200 zuwa 1,500 don ɗumama ruwa, abin da ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba ba zai iya ɗauka ba. Amma abin da ke kashe injin niƙa ba yawan wuta ba ne, rashin tsayuwarta ne: ta yi ƙasa kwayil ya yi zafi, ta dawo da ƙarfi ta ƙona allon ciki. Inbata mai araha wadda ba ta ba da wuta mai tsabta ita ma takan sa inji ya riƙa kuka yana zafi.

Ra'ayina a fili yake. Gidan da ake shan kofi ɗaya ko biyu a rana, nagarin injin hannu ya fi masa injin lantarki mai araha, nesa ba kusa ba. Kuɗin da ka biya gaba ɗaya a haƙora da boris suka tafi, ba a kwayil da roba ba. Kingrinder K6 yana wajen dala 100 a waje, 1Zpresso J-Ultra na Taiwan wajen dala 200, kuma garin da suke fitarwa yana gogayya da na injinan lantarkin da suka ninka su kuɗi. Ga sauƙin kawowa: ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya zai cusa shi cikin jakar hannu. In ka haɗa shi da injin dafawa na hannu irin Flair ko Cafelat Robot, waɗanda ruwan zafi daga buta kawai suke buƙata, ka rabu da Nepa a maganar gahawa kwata-kwata.

Sai dai a faɗi gaskiya, niƙan esfireso da hannu aiki ne. Giram 18 zai ci maka rabin minti zuwa minti guda kana juyawa, kuma gahawar da ba a soya ta sosai ba tauri gare ta, sai ka matse injin a ciki kana nishi. In gidanka gidan baƙi ne, ranar Lahadi 'yan majalisa su cika falo kowa na son nasa, ko mai ciwon wuyan hannu ne zai riƙa niƙawa, to lantarki ya zama dole. A nan ƙofar shiga ita ce Baratza Encore ESP, wanda ya fito a 2023, wajen dala 200. Kula da haruffan nan uku na ƙarshe, domin Encore na asali ba don esfireso aka yi shi ba. Sama da shi akwai DF54 da DF64 na Sin, da Eureka Mignon Specialita na Italiya, da Niche Zero na Ingila. Akwai kuma masu kyan gani da suna waɗanda ba su dace ba sam, misali Fellow Ode, wanda kamfaninsa da kansa ya ce don gahawar tacewa aka yi shi.

Mataki na huɗu: tambayi tazarar saiti

Wannan ita ce tambayar da mai kanti ba kasafai yake da amsarta ba, kuma ita ce ta raba injin esfireso da sauran. Injinan niƙa iri biyu ne wajen saiti. Akwai mai tsani, wanda in ka juya zoben za ka ji ƙas, ƙas, kowane ƙas yana matsar da haƙoran da ƙayyadadden ma'auni. Akwai kuma mai sulɓi, wanda ba ƙas, ko'ina ka ga dama ka tsaya.

Ana auna matsawar da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Comandante C40 na Jamus inji ne mai daraja, amma kowane ƙas nasa wajen maikiron 30 ne. A gahawar tacewa wannan ba komai ba ne. A esfireso kuwa za ka tarar a wannan ƙas ɗin ruwa ya gudu, a na gaba ya toshe, wurin da kake nema yana tsakani ba ka da hanyar isa gare shi. Shi ya sa kamfanin ke sayar da wani ƙarin noti mai suna Red Clix da ke raba tazarar biyu. K6 maikiron 16 ne, J-Max na 1Zpresso 8.8, J-Ultra 8. Encore ESP yana da saiti 40, ashirin na farko an matse su don esfireso. Eureka da Niche da DF64 duk masu sulɓi ne.

Kada yawan lambobin da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Inji zai iya alfahari da saiti 30 ko 40, amma biyu ko uku ne kawai suka faɗo a yankin esfireso. Tambayar ita ce nawa ne a wannan yanki. Ka nemi mai maikiron 16 ko ƙasa da haka, ko mai sulɓi. In takardar inji ba ta faɗi ba, kuma ba ta ambaci esfireso da kwando mai huji da yawa ba, ka wuce.

Mataki na biyar: siffar haƙora

Akwai masu tsini, ɗaya ya shiga cikin ɗaya, akwai shimfiɗaɗɗu masu fuskantar juna. Masu tsini sukan ba da gahawa mai kauri a baki kuma suna da sauƙin saiti, shimfiɗaɗɗu sukan fito da ɗanɗano a rarrabe. Masana na ta musu a kai. In da madara da sukari kake sha, ba za ka ji bambancin ba, kada ka ɓata dare a nan. Abu ɗaya mai amfani: shimfiɗaɗɗun haƙora masu faɗin milimita 64 sun zama gama-gari, kamfanoni da dama na ƙera su, saboda haka samun na canji ya fi sauƙi.

Mataki na shida: laimar Legas da garin da ke maƙalewa

Iskar garin nan jiƙe take kusan duk shekara, laima takan haura kashi 80 cikin ɗari, musamman da damina. Gahawa kuwa tana shan danshi. Injin da ke da babban mazubi a kai, wanda ake juye rabin kilo a bari, don shagon da ke sayar da kofuna da yawa a rana aka yi shi. A gida 'ya'yan za su kwana su wuni a ciki suna sanyi, ƙamshi na tafiya. Sannan irin wannan inji yakan riƙe giram biyu, uku ko fiye na niƙaƙƙen gari a maƙogwaronsa, wanda zai kwana ya dunƙule, gobe da safe ya faɗo cikin kofinka na farko.

Mafita ita ce injin da ake auna na kofi ɗaya a zuba, a niƙe, komai ya fito. Na hannu duk haka suke. Niche da DF64 ma don haka aka tsara su, kuma DF64 yana da ɗan zugazugin roba a kai da ake dannawa ya huro ragowar. Sauran 'ya'yan su zauna a gwangwani mai murfin da ba ya shan iska.

Da hunturu kuma, Disamba zuwa Janairu, in iska ta bushe, sai garin ya riƙa tsalle yana manne wa jikin kofi da teburi. Ɗigon ruwa guda a bayan cokali, a juya 'ya'yan da shi kafin a niƙa, yana maganin wannan. Amma da damina ka bar wannan dabara, kuma in kana kusa da teku, Lekki ko Ajah ko Victoria Island, inda iska ke ɗauke da gishiri, ka fifita haƙoran da ba sa tsatsa ko masu rufi, ka ajiye 'yar jakar nan mai tsotse danshi kusa da injin.

Mataki na bakwai: karanta takardar wuta, sannan ka zaɓi inda za ka saya

Wutar Najeriya 230V ce, 50Hz. Ta Amurka da Kanada 120V ce, 60Hz. Injin da aka sayo daga Amurka aka cusa a soket ɗinmu kai tsaye, ƙara ɗaya zai yi, sai warin ƙuna. Kife injin ka karanta abin da ke gindinsa, kana neman 220-240V. In ɗan'uwa zai sayo maka, Ingila da Dubai sun fi dacewa, domin wutarsu da filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne. Na Turai da na Sin wutar ta yi daidai, filogi kawai za a canza. Masu zuwa Umara su lura: Saudiyya ƙarfin wutarta ya yi daidai da namu amma 60Hz take, don haka a duba an rubuta 50/60Hz. In kuwa na Amurka ya riga ya shigo hannunka, sai taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka na injin aƙalla sau biyu. Kowanne ka saya, kada ka haɗa shi da bango sai ta bayan sitabilaiza, kuma ka zare filogi in ka gama.

Farashin da na ambata na can ne. Kafin kaya su iso ka, akwai canjin dala na ranar, kuɗin dako da na kwastam. Garanti kuma da wuya ya tsallako teku, don haka ka tambayi kanka: in wani ɗan gear na roba ya karye, ina zan samu? Baratza ya yi suna wajen sayar da kayan gyara ɗaya-ɗaya, wannan ma abin sakawa ne a ma'auni. A shagunan intanet kuma akwai jabu masu kama da 1Zpresso da Comandante. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabi ya isa ya sa ka ja da baya, araha ba ta ado.

Tokunbo fa, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi? A Alaba ko a Jiji akan ci karo da tsofaffin injinan shago irin Mazzer Super Jolly, ƙarfe zalla, masu nauyin da sai ka sa hannu biyu. Injina ne masu rai tara, amma kada ka biya sai an kunna a gabanka. Mai kaya zai ce, "Alhaji, wallahi sabo ne, kwali kawai ya rasa." Ka ce, "Na yarda, Malam, amma a jona mu ji muryarsa." Saurara: ƙara mai santsi kake so, ba kwaram-kwaram ba. Yana juyawa babu komai a ciki, ka riƙa matse saitin sannu a hankali har ka ji ɗan siririn kukan haƙora sun fara shafar juna, sai ka janye nan take. In kukan yana zuwa yana ɗaukewa tun da sauran tazara, haƙoran a karkace suke. Kashe, zare filogi, kwance na sama, ka goga farcenka a kan zanen. Mai kaifi zai kankare farcen, dakusasshe zai zame. Leƙa ciki da fitilar waya ka nemi tsatsa da kashin kyankyasai, domin ɗumin kwayil wurin kwanansu ne. Ka je da 'yar gahawarka a aljihu a niƙa a gabanka. Dakusassun haƙora ba su hana ciniki, sai dai su rage kuɗi, tunda ana canza su. Sababbi kuma suna niƙa ɗaruruwan kilo, gidan da ke shan kofi biyu a rana kuwa abin da zai niƙa a shekara wajen kilo 13 ne kawai.

Mataki na takwas: saitin ranar farko

Ka tanadi ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu sayar da zinariya ya wadatar. Ka kuma sami gahawar da aka rubuta ranar suyarta, wadda ta huta kamar mako ɗaya zuwa biyu. Ko ta Habasha ce, ko ta Ruwanda, ko arabikar tsaunin Mambila ta jihar Taraba, in ta shekara a kanti babu injin da zai ceto ta, ruwa zai riƙa gudu ko ka matse saiti har ƙarshe.

Auna giram 18, ko abin da kwandonka ke ɗauka, domin ƙananan kwanduna masu faɗin milimita 51 sukan tsaya a 14 zuwa 16. Niƙa, ka murza kaɗan tsakanin yatsu: ya fi gishirin gwangwani laushi, bai kai fulawa ba, yana ɗan dunƙulewa in ka matsa. Baje shi daidai a kwando, farfasa dunƙulen da siririyar allura, danne a miƙe. Ɗora kofi a kan sikeli, kunna inji da agogon waya tare. Abin da kake nema shi ne ninki biyu na garin, wato giram 36, cikin sakan 25 zuwa 30. In ya cika a sakan 15, ƙara laushi. In sakan 40 ta wuce yana ɗiga, sassauta. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, nauyin gari ya tsaya yadda yake. A injin lantarki, in za ka matse saiti, yi shi yana juyawa, kada ragowar ƙwaya ta cije tsakanin haƙora. Agogo jagora ne kawai, harshe ke yanke hukunci: tsami mai kaifi na nufin a ƙara laushi, ɗaci mai busar da baki na nufin a rage.

Rubuta lambar da ta yi maka. Za ta motsa in ka buɗe sabuwar leda, za ta motsa in ledar ta tsufa, har ranar da aka kwana ana ruwa za ka iya ganin ta nemi ƙas ɗaya. Sababbin haƙora ma sai sun ci 'yan kilo kafin su zauna.

Injin nan na gahawa ne kaɗai. In kana son citta ko kanumfari ko masoro a ciki, daka su daban a turmi, domin mansu yana kama haƙora ya ƙi fita. A faɗa wa mutanen gida tun ranar farko, kafin wani ya ga ya dace da niƙan yaji. Kada ruwa ya taɓa haƙoran, buroshi busasshe duk mako ya isa, a kwance a share sosai duk wata ɗaya ko biyu. Kada a niƙa ɗanyar shinkafa da sunan wanki, ta fi gahawa tauri. Wanda kuma ke sayen ɗanyar gahawa a kasuwa yana soyawa da kansa, ya baje ta a faranti ya tsince kafin ta shiga inji, domin tsakuwa guda tana iya ɓantare haƙori, kuma a Legas samun na canji zai iya ɗaukar makonni.